Yayana Mai Kiwon Ɓerayen Asibiti

Allah ne ya ba mu shi, kuma ya karɓi abinsa a lokacin da ya so. Yayana, wanda nake bi uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Tarauni. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

A wurin zaman makoki na lura yawancin waɗanda suka cika rumfar ba su san aikin da ya shekara talatin yana yi ba. Wani dattijo da suke sahu ɗaya a masallaci ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Ma'aikacin asibiti ne, ko?" Na kusa da shi ya ce, "Ina jin masinja ne." Ina jin su na yi shiru. Ni na jawo wannan, domin a da duk wanda ya tambaye ni cewa nake yi, "Yana asibiti," in yi maza in kawo wani zancen. Kunya nake ji in ce yayana ɓeraye yake kiwo.

Rana ta biyu wata mata ta sauka daga mota, ta yafa farin gyale, ta zo ta durƙusa a bakin tabarma. Likitar da ya yi aiki a ƙarƙashinta ce, Kirista 'yar Filato, ita ma furfura ta cika mata kai. Ta gaishe mu, sannan ta ce, "Takardun da na rubuta sunana ne a kai, amma idon Baba ne a ciki. Duk zaman da muka yi ban taɓa kama shi ya rubuta abin da bai gani ba." Dattijon nan ya gyara zama ya ce, "Ashe haka Malam yake?"

A cikin gida kuwa kukan da ya fi na kowa na 'yata ne ta fari. Sunan mahaifiyarmu gare ta, shi ya sa ni da yayana muke ce mata Uwata. Da na shiga gaishe da mata sai ta kama bakin rigata ta ce, "Baba, Baffa ya tafi. Shi kaɗai ne yake ce mini ba ni na kashe yaron nan ba."

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana ɗauke da wannan maganar. Ɗanta na fari bakwaini ne, kwana biyu ya yi ya koma, kuma ta yarda bokitin ruwan da ta ɗaga ne ya jawo. Mutum biyu ne suka san abin da ya faru kafin bokitin, an binne ɗaya ranar Talata. Ba zan iya faɗin alherin yayana in ɓoye wannan ba, domin mafi girman alherinsa a ciki yake.

Aji huɗu na firamare ya tsaya, ya shiga dako a kasuwa don ni in ci gaba. Na gama firamare, na yi shekara biyu a sakandare, na koyi sayar da magani a wurin wani mutumin kudu, daga baya na buɗe kemis ɗina a Gyaɗi-Gyaɗi. Unguwa ta sa mini suna Dakta, ni kuma ban taɓa hana kowa ba. Shi ya samu aikin shara a asibiti, daga nan aka mayar da shi ɗakin da ake kiwon fararen ɓeraye don bincike. A nan ya tsufa.

Mutum ne mai wasu ɗabi'u da sai wanda ya zauna da shi. Ba ya shafa turare sai ranar Juma'a bayan ya tashi daga aiki, wai ƙamshi yana firgita ɓeraye masu ciki. Da kansa yake zuwa wurin 'yan katako ya ɗebo burbuɗi, ya shanya, ya tankaɗe, don shi ne shimfiɗarsu. Magana ƙasa-ƙasa ta bi jikinsa har a gida. Matarsa takan ce, "Malam, ɗaga murya mana, mu ba masu jela ba ne." Sai ya yi murmushi ya maimaita, da irin muryar dai.

Yana da wata magana guda da kowa ya san shi da ita: "A je a duba." Ka ce masa rufin masallaci zai kai baɗi, ya ce a je a duba. Ka ce masa wane ɓarawo ne, ya ce a je a duba. Ba na cewa ba shi da aibu. Yana da nawa, yana da taurin kai, kuma bai iya zaɓen wurin faɗin gaskiya ba. Idan ta zo bakinsa a tsakiyar kasuwa, a nan zai sauke ta.

Sau ɗaya tak na taɓa shiga wurin aikinsa, ranar da na kai masa katin wani biki. Ya sa na wanke hannu, ya ba ni wata riga na ɗora, sannan ya yi sallama a bakin ƙofa kamar mai shiga ɗakin surukai. Keji ne jere a kan kanta, hagu da dama, kowane da 'yar takarda a jiki. Ya ɗauko wata ƙaramar kwalba ya nuna mini.

"Dakta, ka san wannan?"

"Ruwa nake gani."

"Daga jikin ƙwayar cuta aka ciro shi, irin wadda ake samu a hanji da mafitsara. Amma babu rai a ciki. An kashe ta, an tsame ɓawon jikinta kawai. Ba ta haihuwa, ba ta yaɗuwa."

"To matacciya me za ta yi wa wani?"

Ya ce, "Cikin ɓera kwana sha tara ne zuwa ashirin. Wajen kwana sha biyar Likita take yi wa na dama allurar wannan. Na hagu ruwan gishiri kawai ake ba su. Na hagu sukan kai lokacinsu lafiya. Na dama kuwa, zo ka gani."

Ya zaro keji ɗaya a hankali. Uwar tana maƙure a lungu, gashinta a tsaitsaye. A cikin burbuɗin katakon ga 'ya'yan nan warwatse, jajaye, babu gashi, kowane bai kai kan ɗan yatsana ba. Babu mai motsi.

"Jiya aka yi mata allurar," in ji shi. "Likita ta ce jiki ba ya tsayawa tambayar ko ƙwayar tana da rai. Ɓawon yake ganewa. Da ya gan shi sai ya tashi faɗa, zazzaɓi, kumburi. Faɗan ya kai mahaifa, ita kuma ta ɗauka lokaci ya yi, ta buɗe."

Na yi dariya na ce, "Mata suna can kwance a ƙasa a ɗakin haihuwa, ku kuna nan kuna yi wa ɓera awon ciki."

Ya mayar da kejin ya ce, "Don su ake yi."

Daga baya matarsa ta gaya mini duk ranar da ya kwashe irin waɗannan 'ya'yan, yadda ta zuba masa abincin rana a kwano haka yake dawowa da shi.

Bayan wannan da kamar shekara biyu Uwata ta samu cikin fari. Mijinta a Hotoro yake, ya yi tafiya, sai aka kawo ta gida goyon ciki da wuri, cikin yana wata shida da 'yan kwanaki. Ba ta yi sati ba ta fara zazzaɓi. Mahaifiyarta ta zo ta raɗa mini cewa yarinyar tana jin zafi wajen fitsari, kuma bayanta yana ciwo. Na ce sanyi ne, na san maganinsa. Na shiga kemis na ɗebo kafso, na ba ta kwana uku. Zazzaɓin ya sauka. Da ta ce kafson yana sa ta amai sai na ce ta bari haka, ai an gama.

Ranar Juma'a yayana ya biyo ta gidana bayan an sauko daga masallaci. Ya shiga gida ya fi rabin awa, sannan ya fito ya same ni a kemis, wanda ke jikin gidan. Mutum huɗu ne a gaban kanta, har da wata mata da nake auna wa ɗanta maganin tari.

Ya ce, "Dakta, kai Uwata asibiti yau."

Na ce, "Yaya, bari in sallami mutane."

"Sallame su, amma yau. Tana riƙe da ƙugu, tana rawar ɗari. Na taɓa goshinta."

"Na ba ta magani. Na kashe cutar."

"Wa ya duba ya ce ta mutu? Ko ma ta mutu, gawarta fa? Na nuna maka da idonka."

Matar nan ta ɗago ta dube ni. Wani saurayi a baya ya ce, "Dakta, wai gawar wa?" Aka yi 'yar dariya. Shekara ashirin ina bayan wannan kantar, ba a taɓa gyara mini magana a gaban mai saye ba.

Na ce, "Yaya, 'yata ba ɓera ba ce. Ilimin keji ka bar shi a keji."

Ya ce, "Ban ce ɓera ba ce. Ban ma ce na sani ba. Cewa na yi a je a duba fitsarinta."

"Idan ɓera ya yi ciwo a kira ka. Wannan aikina ne."

Wannan karon dariyar ta fi ta farko. Ya juya ya fita. Na ɗauka ya tafi ke nan. Can sai ga shi ya dawo cikin adaidaita sahu, ya sa an tsaya daidai ƙofar gidana. Na fita na tare shi a soro. Na ce idan ya taka cikin gidan nan da wannan maganar, to ya manta yana da ƙane. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya shiga adaidaitar shi kaɗai. Da Uwata ta tambaya ina Baffa, na ce sauri yake yi, ya ce a gaishe ta.

Kwana huɗu bayan haka, da safe, ta ɗaga bokitin ruwa za ta yi wanki, faya ta fashe.

A asibiti wani matashin likita ya fito ya same ni a baranda. Ya ce cutar ta hau har ƙoda. Ya ce, "Baba, tun yaushe take zazzaɓi? Me aka ba ta?" Na ce jiya-jiya ne ya fara, kuma farasitamol kawai ta sha. Yayana yana tsaye a gefena, don shi aka fara kira, shi ya samo mana gado. Ya ji abin da na faɗa. Ya bari likitan ya yi gaba, ya bi shi, na hango su suna magana a ƙarshen baranda. Na san gaskiya ya gaya masa don a san maganin da za a ba ta. A gabana dai bai ƙaryata ni ba.

Namiji ta haifa. Aka sa shi a kwalba. Na leƙa shi sau ɗaya ta gilashi, ja, fatarsa kamar za ka ga abin da ke ciki, ƙirjinsa yana lotsawa duk numfashi. Ban iya sake leƙawa ba. Kwana biyu ya yi.

Yayana ne ya yi masa wanka, ya naɗe shi, ya rungume shi a hannu har maƙabartar Tarauni. Babu buƙatar makara. Da aka gama kowa ya watse, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaya mata." Na ce sai ta samu sauƙi.

Kafin ta samu sauƙi mata sun riga sun yanke hukunci. Duk wadda ta zo dubiya sai ta ce, "Ke ma dai, mai ciki da bokiti?" Ni kuwa na samu inuwa na shige. Har da bakina na ce mata, "Ai na sha ce miki ki daina ɗaukar kaya." Ban taɓa ce mata haka ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda ba na iya tunawa ina cin abinci. Da ta gama wankan jego ta koma ɗakinta, ta sa a ranta cewa kisan kuskure ta yi, kaffara ta hau kanta. Mijinta ya hana, ta yi ta kuka har ya ƙyale ta. Ta ɗauki azumin wata biyu, yarinya da ba ta gama mayar da jinin jikinta ba. Na sani. Ni nake aika mata da dabino da kankana na buɗa-baki.

A cikin azumin ne yayana ya zo kemis, karo na farko tun ranar Juma'ar nan. Wannan karon ya jira har kowa ya fita, abin da bai saba ba.

Ya ce, "Na je Hotoro. Wuyanta ya zama kamar na kaza. Na ce mata ba bokiti ba ne, cuta ce a jikinta. Ta ce lallashinta nake yi."

Na ce, "To ka yi iyakar ƙoƙarinka."

"Ban yi ba. Ragowar maganar a bakinka take. Idan ni na faɗa, na raba 'ya da ubanta. Idan kai ka faɗa, uba ne ya nemi gafara. Ba ɗaya ba ne."

"Zan faɗa."

"Yaushe?"

Na ɗauki tsumma ina goge kanta. Ya tsaya har ya gaji ya tafi.

Na sha tambayar kaina ko shirun nan nasa daidai ne. Ya rufa mini asiri, amma ita ce ta ɗauki nauyin. Ina jin shi ma abin ya ci shi, don abin da ya kasa yi da baki sai ya koma yi da ƙafa. Duk cikin da ta samu bayan nan, shi yake zuwa Hotoro ya ɗauko ta ya kai ta awo, ya zauna a benci cikin mata da 'yar kwalbar fitsari a leda, ma'aikata suna tsokanarsa, "Baba, wata nawa ne naka?" A ciki na biyu gwajin ya nuna cutar ta dawo, aka ba ta magani cikakke, aka sake dubawa. 'Ya'yanta uku yanzu, duk sun kai watanninsu.

Ni kuma duk Sallah, idan na je gaishe shi, bayan an ci an sha zai rako ni bakin titi. Sai na ɗaga ƙafa zan hau babur zai ce, "Ka gaya mata?" In ce, "Ina nan ina shiri." Ya ce, "To." Babu faɗa, babu gori. Bai taɓa ce mini ai ya faɗa mini ba, ko sau ɗaya.

Da ciwon ajalinsa ya kwantar da shi na je da rana na same shi a kan tabarma a tsakar gida, ƙafafunsa sun kumbura. Na fito da wani magani daga aljihu. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Dakta, har yanzu?" Na mayar da shi. Muka yi hirar mahaifiyarmu, da gidanmu na da. Da zan tashi ya ce, "Ba zan sake tambayarka ba. Amma ka sani, idan na tafi babu mai ce mata ba ita ba ce."

Ranar da Likita ta zo ta'aziyya na bi ta har mota. Na ba ta labarin kamar na wani maƙwabci ne. Na ce da an kai yarinyar ranar Juma'ar, da yaron ya rayu? Ta dube ni, ina jin ta gane. Ta ce, "Alhaji, babu mai rantse maka. Mutum ba ɓera ba ne, abin da muka gani a keji hanya kawai yake nunawa. Wata ana kai ta da wuri ta haihu duk da haka. Amma mai ciki da cuta a ƙoda, ba bokiti zan fara tuhuma ba. Kuma kwana huɗu ba kaɗan ba ne."

Washegarin sadakar bakwai na hau babur na tafi Hotoro da hantsi, lokacin da yara suna makaranta. Na same ta tana tsince shinkafa. Ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo ruwa. Ban sha ba.

Na ce, "Uwata, zauna. Magana na zo da ita, ta shekara sha ɗaya."

Na faɗa mata duka. Kafson kwana uku. Abin da Baffanta ya ce a kemis da abin da na mayar masa. Ƙaryar da na yi wa likita. Maganar ɗaukar kaya da ban taɓa yi mata ba. Ba ta katse ni ba. Hannunta yana cikin farantin shinkafar, bai motsa ba.

Da na gama ta ce, "Ranar da ka ce Baffa sauri yake yi?"

"Adaidaita ya kawo har ƙofa. Ni na kore shi."

Sai ta ce a hankali, ba da ni take ba, "Ashe ba lallashina yake yi ba."

Na ce, "Ki yafe mini don Allah."

Ta ɗago. Ban taɓa ganin wannan kallon a idonta ba. Ta ce, "Kwana sittin, Baba. Kai kake aiko mini da dabino."



Ta ajiye farantin, ta miƙe, ta ce, "Yau ba zan iya ce maka komai ba. Allah ya jiƙan Baffa." Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Na zauna kaɗan, na naɗe dardumar da kaina na jingine ta a bango, na fito.

Yau sati uku ke nan. Ba ta kira ni ba, ni ma ban matsa mata ba. Haƙƙinta ne, ta riƙe shi iyakar yadda take so. Mijinta dai ya gaya mini yanzu tana samun barci da dare, abin da ta daɗe ba ta samu ba.

Ya Allah, bawanka ya zo gare ka. Ya yi mini dako ina yaro, ya rufa mini asiri ina babba, na saka masa da wulaƙanci a gaban mutane. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi, ka haɗa shi da jaririn da ya ɗauka a hannunsa. Idan akwai laifi a shirun da ya yi, ni na sa shi, ka ɗora a kaina. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. Ni tawa gafarar tana Hotoro, ina jira.